Malam Bashiru Ya Tafi Bai Ƙare Fuskar Babana Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina ɗaure buhun gero a bayan babur wayata tay yi ƙara. Lauwali ne, ƙanen Malam Bashiru. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, yac ce, "Nura, Malam fa ya cika."

Nic ce wane Malam? Wallahi na san wanda yake nufi, bakina ne kawai yat tambaya.

Zazzaɓi ne, in ji su. Bai daɗe kwance ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Bashiru shi ne mai ɗan shagon kwamfuta a Sabon Birni, inda ake buga katin biki da allon shago. Shi yak koya mini zane da kwamfuta. Kuma akwai aikin gidanmu a hannunshi da bai ƙare ba, hoton fuskar marigayi mahaifina, wanda Innata take so ta gani tun idonta bai rufe ba. Yanar ido ce ta hau mata duka biyun, kullum ganinta raguwa yake yi.

Ranar da nif fara zuwa wurinshi daga garinmu Tozai, da uzurina nit tafi. Nic ce ina son koyon zane amma ba ni da allon nan mai alƙalami da muke gani a bidiyo. Yay yi dariya har hularshi ta zame. Yat turo mini wani tsohon maus na kwamfuta da anka naɗe wayarshi da salatif, yac ce, "Wanga bai ishe ka ba, Bagobiri? Zauna ka zana mini da'ira."

Abin da niz zana, kai ka ce kabewa ce jaki ya taka.

Bai raina ni ba. Ya rage wa maus ɗin gudu, ya shimfiɗa kwalin sabulu ƙarƙashinshi, ya kama gwiwar hannuna ya ɗora bisa tebur. "Maus ba ya son gaggawa," in ji shi. "Jawo hoton kusa, ka yi layi gajere-gajere. In lanƙwasa kake so, danna nan, danna can, ka bar kwamfuta ta lanƙwasa maka. Kai ba ka fi ta iyawa ba."

Shi yan nuna mini leya. Yac ce in ɗauke ta kamar farar leda da aka jera bisa juna, layi a tashi, kala a tata, inuwa a tata, don in guda ta ɓaci ba sai ka yi kukan sauran ba. Yatsuna biyu na hagu kuwa ya hana su barin Ctrl da Z. In na yi kuskure na tsaya ina tsaki sai ya ce, "Haba, mutuwa ce? Koma baya mana."

Janareto ya yi tari ko sau ɗaya, za ka ji muryarshi har bakin titi yana cewa a adana aiki kafin wuta ta ɗauke: "Sebin! Kowa ya yi sebin!"

Mutum ne mai faɗa a kan aiki, ba za ni ɓoye ba. Ya taɓa goge mini zanen yini guda don na yi ha'inci na kwafo na wani. Na yi fushi na ƙi gaishe shi da maraice. Shi kuwa ko a jikinshi, ya dama furar da anka aiko mishi daga rugarsu ta wajen Burkusuma ya turo mini kwanon da ƙafa. Kuma ban taɓa kama hanyar Isa zuwa gida ba, ba tare da ya kira ya ji na isa ba. Kun san yadda hanyarmu take da 'yan bindiga.

To, maganar hoton Baba.

Baba bai bar hoto ba sai wani ɗan ƙarami na jikin tsohon kati, ruwa ya cinye rabinshi. Da Inna taj ji ina koyon zane, tac ce in fito mata da fuskar mijinta ta ƙara gani. Hannuna bai kai nan ba, sai nik kai wa Malam. Yac ce mu yi tare.

Akwai dabarar da yake koya wa kowane sabon hannu. Tunda jan layi da maus wahala ne, ka zana rabin abu, ka kwafa, ka juya shi ka manna a ɗaya gefen. Tulu, ƙofar masallaci, zanen hula, duk haka muke yi, kuma tsaf suke fitowa. Gefen da ya tsira a katin shi munka zana, da tsagen Gobir ɗinshi daga bakin leɓe zuwa kunne, munka juya munka manna. Munka zauna muna yaba kanmu.

Malam da kanshi yag goyo laftof zuwa Tozai. Lokacin Inna tana gani in abu ya matso. Tak kai fuskarta dab da gilashin, ta bi kunci guda da yatsa, ta koma ɗayan. Sai taj janye.

"Wanga ba mijina ba na."



Tac ce, "Wane wanzami na ka tsaga dama da hagu daidai? Guda ya ɗara guda. Kuma idonai na hagu ya fi ƙanƙanta, in za shi dariya shi ka fara rufewa."

Malam Bafulatani ne, bai taɓa ƙirga tsagen kowa ba. Ni kuwa ɗan gidan, mu ba a yi mana tsagen ba, kuma wa ke tsayawa ya ƙura wa ubanshi ido yana ƙirge?

Na zaci zai ce a ɗan gyara. Ina! Yac ce, "Inna, kin yi gaskiya, mun yi wa mutum aikin tulu." Nan gabanta yag goge komai. Daga ranar ya hana kowa a shagon juya rabin fuskar ɗan Adam.

Sai aikin ya koma tafiyar hawainiya. Duk sanda ya samu sarari sai ya zo, ya zauna bisa tabarma da kwalin sabulunshi a kan turmi da aka kife, Inna tana faɗi yana dannawa. Goshi. Gira. Wani lokaci layi ɗaya su kai la'asar suna gardama a kanshi. Ina ce mishi Malam a hanzarta, ganinta fa tafiya yake yi. Sai ya ce ya sani, amma ba zai sake kai mata baƙo ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar kasuwa ce, a shago. Na ga idonshi ya yi ja, yac ce ɗan zazzaɓi ne. Ya nuna mini inda ya kai. Ido biyu sun zauna, kuncin dama ya ƙare, na hagu fari fat, ba tsage ko ɗaya. Yac ce, "Ce wa Inna in na ji sauƙi za ni zo mu rufe shi."

Bayan mun dawo daga maƙabarta ɗazu, Lauwali yam miƙo mini laftof ɗin. Yac ce Malam yana ta ambaton hoton tsohon Tozai.

Na kawo shi gida. Na faɗa wa Inna rasuwar, tay yi salati. Sannan tac ce in buɗe mata ko da bai ƙare ba.

Na buɗe. Wallahi Baba ne.

Ta matso har hancinta ya taɓa gilashin. Ta juya kai dama, ta juya hagu. Ta goge ido da bakin zane ta sake matsowa.

Tac ce, "Nura, haske kaɗai nika gani."

Sai ta lalubo hannuna ta riƙe, tac ce, "To faɗa mini. Fara daga goshi."

Haka niy yi ta faɗa mata, tana gyaɗa kai. Da niz zo kuncin hagu nic ce nan Malam yat tsaya. Tac ce, "Allah shi jiƙan yaron ga. Ya wahala da ni."

Ban taɓa jin zafin rashin wani da ba jinina ba irin na yau.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Bashiru, ka yalwata kabarinshi, ka sa Aljanna ce makomarshi. Ka dubi matarshi da ƙananan 'ya'yanshi. Ka haɗa da mahaifina, ka ba Innata haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah kada ka wuce ba ka yi mishi addu'a ba.