Gonata a Bayan Tifa

A bakin Gagare na tashi, kuma duk abin da Ƙaura ta zama, daga gulbin nan ta ciro shi, ba ko sannu. Kakata ta ce da can fatake ne ke yada zango da jakunansu, su sha ruwa su wuce. Daga baya jirgin ƙasa ya iso, dogo ya ƙare a nan. Aka riƙa loda gyaɗa da auduga, baƙi suka cika gari, aka ce mun waye. Ni na tarar da jirgin yana zuwa yana fashi, har ya gaji da mu. Yanzu awaki ke shan inuwa a tasha.

Sai zamanin famfo. An kafa ɗaya a unguwarmu da kiɗa da jawabi, ya kuma yi ƙoƙari, ya zubar da ruwa har manyan baƙi suka shiga motocinsu. Muka koma abin da iyayenmu ke yi da rani: a tona yashin gulbi da sakaina, a jira ruwa ya tsattsafo, a cika tulu.

A gaɓar gulbin nan uwata ta bar mini 'yar fadama. Dankali, albasa, ɗan tattasai. Da ita na ciyar da 'ya'yana bayan rasuwar ubansu, da ita na sayi fensir lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina. Ba ni da wani abu bayanta.

Sai aka shiga zamanin bulo. Mutanen ƙauyukan wajen Zurmi da Shinkafi suka yi ta tserowa cikin gari saboda rashin kwanciyar hankali, kowa na neman ɗaki. Ginin laka ya zama abin kunya. Bulo kuwa yashi yake ci.

Ƙanena, wanda na goya a bayana, direban tifa ne. Ya same ni ina ban ruwa.

"Yaya, hanya kawai nika so. Nan ta gefen gonarki, mota ta sauka gulbi."

"Kai, bisa albasata zaka tuƙa wagga ƙatuwar mota?"

"Haba Yaya, ci gaba na. Gari na ƙaruwa, ke kina nan rungume da dankali."

"Kai ma na rungume ka, ga abin da na samu."

Ya yi dariya, ya tsinki tattasaina ya sa aljihu, ya tafi. Washegari ya shirya da maƙwabcina, wani dattijo, aka fasa hanya ta gonarsa. Ni kuwa na yi ta yawo gidajen suna ina ba da labarin yadda na kori tifa. Mata suna ta yaba mini.

Rani bayan rani masu tifa suna kwasar yashi. Gulbi ya yi zurfi, gaɓa ta tsaya tsaye kamar bango. Na kai kuka wurin mai unguwa. Ya saurare ni da kyau, ya ce za a zauna a kai. A bayansa ga tulin yashin sabon zaurensa, har da ɗanyen ruwa a jiki.

Da damina ta yi ƙarfi ruwa ya zo, ya ci gaɓar ta ƙasa. Na fito wata safiya na tarar rabin gonar babu. Ban yi kuka ba, zagi na yi, kuma ban rage kowa ba.

Da rani ya dawo, sai ga tifar ƙanena daidai inda fangalin albasata yake a da, lebura na ta watsa shebur.

"Yanzu ai gulbi na, Yaya," ya ce, yana duban taya. "Gulbi kau na kowa na."

"Ina zaka kai ƙasar gonata?"

"Wani bene aka ginawa, sabuwar unguwa."

"Buɗe min ƙofa."

Na hau gaba, muka ratsa gari. Aka juye ta a ƙofar wani gida mai hawa biyu, tsakiyar gidaje irinsa, a wurin da na san gonakin gero ne ina budurwa. Na ce wa magini ya kwaɓa da kyau, ƙasar nan ta sha taki tun zamanin uwata. Ya ce to Hajiya, bai san me nake nufi ba.

Ragowar gonar na dasa mata albasa bana, na ja baya daga gaɓa. Tifofin suna nan suna aiki. Ban sani ba ko za ta kai baɗi.