Shirun Malam Tobiya

Duk wanda ya yi aji ɗaya a ƙaramar firamaren nan ta Sintali ya san muryar Malam Tobiya, domin tun daga bakin titi ake jinta. Ɗan wani ƙauye ne a gefen Lau, mahaifinsa manomin doya. A cocin ƙauyensu ya fara haɗa baƙi, daga baya ya yi makarantar horon malamai, aka turo shi Jalingo yana saurayi. A nan ya yi aure, a nan ya binne matarsa, a nan furfura ta same shi, kuma bai taɓa barin ajin masu koyon karatu ba.

Yaran ajinsa kowa da yaren gidansu. Wannan Fulatanci, wancan Mumuye, wani Jukun, Hausar ma wasu a makaranta suke tsintarta. Shi ya sa ba ya sauri. Ya nuna allo, ya ce "ba", sai ya yi shiru. Yakan tsaya haka har mai kunyar da ke ƙarshen benci ya buɗe baki, sannan ya ce, "Yauwa."

A wata damina muryarsa ta fara dishewa. Ya sha zuma da citta, ba ta washe ba. Da aka duba shi a asibiti, likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, sai an yi aiki, kuma ba lallai muryar ta dawo ba. Malam ya ji, ya yi godiya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne sababbin yaransa. Sun san baƙaƙe amma ba su fara haɗawa ba, kuma idan ya tafi babu malamin da zai karɓe su, sai dai a cusa su cikin aji biyu su yi ta kallon allo.

'Yarsa Keziah tela ce, a Wasap take samun masu ɗinki. Ita ta kawo shawara.

"Baba, mu ɗauki muryarka a waya. In buɗe guruf, in sa iyayen yaran."

"Waya za ta yi koyarwa?"

"Kai za ka yi. Waya ɗan aike ne kawai."

Haka suka fara. Kullum da safe, lokacin da muryar ke da ɗan dama, ya zauna a gindin mangwaron gidansu, ta riƙe masa waya, ya yi darasi kamar yaran na gabansa. Iyaye suka fara kuka cewa saƙon ya yi tsawo, ba ya sauka da wuri. Keziah ta saurara, ta ji kusan rabinsa shiru ne. Sai ta sami wata manhaja ta yanke shirun duka, darasi ya zama ɗan gajere. Na asalin kuma ta goge, don wayarta ta cika da hotunan ɗinki. Malam bai sani ba, shi da ba ya son jin muryarsa yadda ta koma.

Ana saura 'yan makonni a yi masa aikin, Bara'atu mai tallan kindirmo ta biyo gidan. 'Yarta Zulfa na ajinsa. Ta sauke ƙwarya, suka gaisa, ta yi masa ya jiki.

"Malam, wannan wayan naka ba ya da haƙuri," ta ce. "Zulfa zai buɗe baki kenan, kai ka riga ka ce yauwa. Yauwa na me? Ni ma na zauna in koya, ka bar mu a baya kamar mai keke ya ga fasinja a gaba."

Malam ya dubi Keziah. Ta kunna masa darasin, ya ji kansa yana zuba: ba, yauwa, bi, yauwa, bu, yauwa. Yana yabon yaran da ba su ce komai ba.

"Ni na yanke shirun, Baba, na ɗauka wurin banza ne," Keziah ta ce a hankali.

"Wurinsu ne," ya ce. Bai ƙara ba, don kowace kalma yanzu da zafi take fita.

Likita ya riga ya ce ya huta da magana kafin aiki. Keziah ta tuna masa, har da hawaye. Ya girgiza kai. Ya roƙi Bara'atu ta riƙa kawo Zulfa da safe, don ya gane cewa idan babu yaro a gabansa bai san tsawon da zai jira ba. Suka sake daga farko. Ya ce "ba", ya yi shiru, Zulfa ta juya harshe ta faɗa, ya ƙara jira kaɗan saboda wanda ya fi ta nawa, sannan ya ce "Yauwa." A darussan ƙarshe muryar ta zama kamar raɗa, sai da Keziah ta manna wayar a bakinsa. Ba ta yanke ko numfashi ba. Masu kukan tsawo kuma suka riƙa zuwa shagonta, tana tura musu daga waya zuwa waya.

Aka yi aikin. Malam ya tashi, muryar ba ta dawo ba.

Da ya ji sauƙi ya koma makaranta, shugabar makarantar ta bar masa ajinsa. Yanzu idan ka wuce ta bakin titi, har yau za ka ji shi. Ƙaramar sifika ce a kan tebur, haɗe da waya. Shi yana tsaye a jikin allo, mayafi a wuya, yana nuna baƙi. Muryar ta ce "ba", ajin ya amsa. Wani lokaci akan sami yaron da shirun wayar bai ishe shi ba. Sai Malam ya danna ya tsayar da ita, ya zuba wa yaron ido, ya jira. In yaron ya faɗa, ya sake dannawa, muryar ta ce, "Yauwa."