Littafin da na zaɓo a kan halin kare

Cikin duk ranakun da na yi a aikin dabbobi, wadda ta ƙi fita raina ita ce wata Talata da muka je Tsiga yi wa karnuka allura. Na yi ritaya, na manta sunayen rabin mutanen da muka yi aiki tare, amma wannan rana tana nan daram. Ku da kuke farkon aiki nake son ku ji ta daga bakina, kafin wani ya ba ku ita a gyare.

A lokacin ina babban mataimakin jami'in dabbobi a ofishinmu na Funtua. Tsarin kuwa shi ne, Dokta a sama, sai mu mataimaka, sai masu allura waɗanda ke shiga ƙauyuka. Shanu, awaki, tumaki, duk na san su kamar yunwar cikina. Kare fa, ban san shi ba. A gidanmu ba a ajiye shi, tun ina yaro in ya doso ni sai in tattare rigata kada ya shafe ni. Yawancin ma'aikatanmu haka suke, sai dai ba mai faɗa.

Da damina ta kama, ƙorafin cizon kare ya yi yawa daga ƙauyuka. Dokta ya kira ni ya ce za mu fita rigakafin ciwon haukan kare, amma ya lura mutanenmu tsoron karnuka suke yi.

"Malam Sani, ka je Zariya ka nemo mana littafi ɗaya mai kyau a kan halin kare. Ka karanta, ka koya musu kafin mu fita."

A wani shago a Zariya, mai littattafai ya ajiye mini guda biyu a kan tebur. Ɗaya ƙato ne mai kauri, takardarsa na sheƙi, hotuna masu launi shafi bayan shafi, daga ƙasashen Turawa. Ɗayan ɗan siriri ne, takardarsa kamar ta jarida, zanen hannu ne a ciki, wani likita da ya yi aiki a ƙauyuka irin namu ya rubuta. Ban ko buɗe shi sosai ba. Gaskiya abin da na duba shi ne wanne zan ajiye gaban Dokta ya ga na yi aiki. Na ɗauki ƙaton na hau mota ina jin daɗi.

Kwana uku na yi ina koyar da masu allura daga cikinsa. Na nuna musu hoton kare ya sunkuyar da kai, na ce wannan ladabi ne. Na nuna wanda ya kwanta shiru, na ce ya yarda da kai. A cikinsu akwai Yohanna, mutumin wajen Malumfashi, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ubansa mafarauci ne, da karnuka ya tashi. Ya juya shafukan yana kallo, sannan ya ce:

"Oga, waɗannan ai karnukan cikin ɗaki ne, har kujera suke hawa. Namu na bakin garka ne, da dare... da rana duk a jeji suke yawo. Ban ga ko ɗaya irin namu ba."

Na ji haushi, don a gaban mutane ya faɗa. Na ce masa kare kare ne, kuma wanda ya rubuta wannan littafi ya fi mu sani ni da shi. Aka yi dariya. Yohanna ya mayar da littafin.

Ranar Talatar mun isa Tsiga da hantsi. Ka'idar aikin ita ce, mai kare ya riƙe abinsa, mai allura ya soka, ni kuma in duba in rubuta shaida. Muna cikin haka sai ga wani manomi, Malam Ishaya, ya zo daga gona da fartanya a kafaɗa. Ya ce karensa ya kasa tasowa, mu taimaka mu bi shi gida.

Mun sami karen kwance ƙarƙashin rumbu. Bakinsa a buɗe, muƙamuƙi ya saki, miyau na dalala ƙasa. Bai yi haushi ba, kallonmu kawai yake yi.

"Likita, ƙashi ne ya maƙale masa," in ji Malam Ishaya. "Tun shekaranjiya ko ruwa ba ya haɗiyewa. Wannan kare shi ke tsare mini gona, ku taimaka."

Yohanna ya tsaya nesa. Ya tambaye shi yadda karen yake a da.

"Wannan? Ai ko maƙwabci ba ya shigowa sai na ɗaure shi."

Yohanna ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Oga, karen da ba ya barin baƙo, yau ga mu baƙi a kansa ya yi shiru. Babana in ya ga haka ba ya taɓawa. A kulle shi a ga abin da zai yi."

Ni kuwa na riga na tuna akwai shafi a littafina a kan abin da ya maƙale wa kare a maƙogwaro. Na buɗe, ga hoto nan: baki a buɗe, miyau na zuba, daidai da abin da ke gabana. An zana yadda za a buɗe bakin a sa yatsa a zaro. Raina ya yi fari, na ga yau zan nuna wa Yohanna amfanin karatu. Amma ni kaina ban iya sa hannu bakin kare ba, sai na ce wa mai shi, tunda ya san shi, shi ya yi, ni in riƙa gaya masa.

Malam Ishaya ya durƙusa ya sa hannu. Hannun manomi ne a tsakiyar damina, duk kanta da tsaga. Ya laluba, ya laluba, babu ƙashi. Yana zaro hannun fiƙa ta karce shi a gindin babban yatsa, ɗan jini ya fito.

Yohanna ya ce maza a kawo sabulu da ruwa a wanke sosai, kuma yau ɗin nan ya tafi asibiti a fara masa allura. Malam Ishaya bai kalle shi ba. Ni ya kalla, ni mai littafi a hannu.

"Likita, sai na je? Noma ya kama ni."

Na ce, "Ɗan karce ne kawai, ba cizo ba. Ba komai."

Wannan ita ce maganar da na faɗa. Babu wanda ya tilasta mini, kuma na faɗe ta ne don kada a ga Yohanna ya fi ni.

Karen ya mutu bayan kwana biyu, suka binne shi, labari bai zo ofis ba. Ni ma ban aika tambaya ba. Sai da aka fara yankan gero Yohanna ya shigo ofishina ya tsaya bai zauna ba. Ya ce an kai Malam Ishaya asibiti, in an miƙo masa ruwa sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya kau da kai yana kuka. Duk wanda ya yi aikin nan ya san in ciwon ya kai nan, babu sauran magani. Kwana huɗu ya yi ya rasu.

Na gaya wa Dokta komai, ban rage ba. Sai ya bayyana mini abin da ya kamata in sani tun farko. Ciwon haukan kare iri biyu ne. Akwai mai sa kare ya haukace yana cizo, wanda kowa ya sani. Akwai kuma mai kwantar da shi, ya kashe masa muƙamuƙi, har a ɗauka ƙashi ne. Ya ɗauki littafina ya duba, ya ce a ƙasar da aka rubuta shi ciwon nan kusan babu shi, don haka layi biyu kawai suka ba shi a can baya. Littafin bai yi ƙarya ba, ba mu aka rubuta wa ba.

Mun je gaisuwa ni da Yohanna. Matar marigayin, Saratu, ta shimfiɗa mana tabarma. Na ce Allah ya ba da haƙuri. Ta yi godiya har da durƙusawa. Ta ce da yatsan ya fara masa zafi ta matsa masa ya je asibiti, shi kuwa ya ce ta kwantar da hankalinta, ai Likita ya duba littafi. Ba da zargi ta faɗa ba. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

To ku da za a aika wata rana ku zaɓo littafi, kada kauri ko hoto ya ruɗe ku. Ku duba a ina marubucin ya yi aiki, kuma wane irin kare ya sani. Ku nemi inda ya yi maganar ciwon hauka tun kuna tsaye a shago. In bai gaya muku lokacin da za ku janye hannu ba, ku ajiye shi. In kun kawo, ku ba wanda ya tashi da karnuka ya duba, ko da shi ne ƙarami a ofis, kuma in ya ce bai yarda ba ku saurara. A aikin nan mutanen ƙauye ba sa gardama da mai takarda. Abin da kuka faɗa shi za su ɗauka su tafi da shi gida, kamar yadda Malam Ishaya ya ɗauki nawa ya koma gona.