Ranar da Babana Ya Tare a Ƙofar Mai Sayar da Motoci

Shekarun baya, da mahaifina ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya yi abin da ya girgiza danginmu kaf. Sa'o'insa na sayen gonar shinkafa ko fili a Gwadangaji, shi kuwa sai ga shi ya shigo layinmu na Gesse da wata farar mota mai kama da bas. Cikinta akwai gado, da ɗan murhun gas, da firji. Irin motar nan ce ta yawon shaƙatawa, tokumbo. Ni da nake ganin na girma, sai da na haye gadon na ce a ɗauke ni hoto. Mahaifiyata ta leƙa ta ce Allah Ya sa alheri, da muryar da ke nuna akwai sauran magana.

Wanda ya sayar masa wani mutumin kudu ne da ya daɗe a Birnin Kebbi, Hausa a bakinsa har da "munka" da "sunka". Shi ya ba Baba shawarar ya shiga tsarin garanti na wani kamfani da ke Legas, wai duk abin da ya lalace a inji ko giya cikin shekara biyu su za su gyara. Baba ya biya nan take, ya riƙa gaya wa kowa cewa motarsa ta fi shi inshorar lafiya.

Da bikin kamun kifi ya zo, muka kwashi gida muka nufi Argungu. Kai, ranar mun shana! Muka faka kusa da gulbi, mahaifiyata da ta ce ba ruwanta da motar ita ce ta soya kifi a kan murhun, mutane suna leƙe ta taga suna tambaya ko daga ƙasar waje muke. Baba ya riƙa zagayawa da baƙi kamar mai nuna sabon gida.

A hanyar dawowa giya ta fara wani gurnani, can kuma ta ƙi shiga gaba ɗaya. Janwe ne ya jawo mu har ƙofar gida, maƙwabta na kallo.

Kamfanin suka ce a turo hotuna, na tura. Amsar da ta dawo ita ce sun ga laka a tayoyi, don haka motar ta shiga ruwa, kuma garantinsu bai shafi ɓarnar ruwa ba. Alhali a kan tudu muka tsaya. Na zauna na yi ta rubuta musu dogayen saƙonni, har da barazanar lauyan da ban da shi. Ko gezau. Abin da ya fi damuna shi ne Baba ya daina fita majalisarsu ta tsofaffin ma'aikata, tun ranar da wani ƙanensa ya ce a cire tayoyin a zuba kaji a ciki.

Wata safiya ya kira ni ya ce in nemo janwen nan. Na ɗauka wurin bakanike za mu. Ashe ƙofar mai sayar da motocin ya nufa. Aka ajiye motar a gindin wata darbejiya, ya buɗe ƙofofi, ya ɗora butar shayi. Mutumin ya fito a rikice, Baba ya tarbe shi da murmushi.

"Ɗana, ba hwaɗa ya kawo ni ba. Mota ba ta tahiya, amma murhu na aiki. Nan za ni zamna har mutanenka su aiko wanda zai buɗe giyar ga ya gwada min ruwan da sunka gani."

Kafin azahar majalisa ta taso gaba ɗaya, da tabarmi da rediyo. Mutanen da suka saba bin layin fansho, wa zai gaya musu jira? Kullum da hantsi suna nan, sai magariba a watse. Mahaifiyata na aiko da dafa-duka a kula. Ni ne mai jigila, kuma gaskiya ban taɓa jin daɗin aike irin wannan ba. Duk wanda ya zo sayen mota sai ya tsaya kallon tamu, Baba ya shigar da shi ya yabe ta tas, sannan ya ba shi labarin garanti dalla-dalla, ba ƙari ba ragi.

Da farko mai motocin ya fusata, ya ce shi wakili ne kawai, ba shi ke yanke hukunci ba. Baba ya ce ya sani, ya miƙa masa kofi. Da tafiya ta yi tafiya sai ga shi yana zama a tabarma ana musun siyasa da shi. Wata rana mai motocin ya kira kamfanin ta bidiyo, ya juya wayar ya nuna musu dattawan, ya ce ko su turo injiniya ko ya daina tallata garantinsu a garin nan.

Injiniya ya zo. Aka buɗe giyar tsofaffi sun kewaye shi, kowa na gyara tabarau. Ya duba man, ya murza a yatsa, ya ce babu alamar ruwa, wani ƙarfe ne ya cinye don tsufa. Wani tsohon hedimasta ya yi kabbara da ƙarfi har 'yan acaɓa suka tsaya. Kamfanin suka gyara, har da ba da haƙuri.

Ni dai abin da na ɗauka shi ne, fushina bai motsa kowa ba. Baba bai zagi kowa ba, bai kuma janye ba, ya nemi haƙƙinsa yana raha. Har yau in aka danne ni a wani ofis nakan ji bakina na ƙaiƙayi, sai in tuna shi, in nemi kujera in zauna.

Da za mu bar wurin, mai motocin ya dafa taga ya ce, "Alhaji, yanzu wa za ya dinga ba ni shayi?" Baba ya buɗe masa ƙofa ya ce ya shigo, Argungu za mu. Ya kuwa miƙa wa yaran shago makulli ya shigo.