Wuƙaƙen da Suke Jin Maganar Inna

Shekara ashirin da uku Inna ta yi tana tsayawa a jikin allon katako, Baba yana jifanta da wuƙa, 'yan kallo suna tafa masa. A ayarinmu na 'yan wasa masu yawo gari-gari da ƙaton tanti, "matar mai wuƙa" kawai ake ce mata. Wannan abu yana ci mini rai har gobe.

Baba kuwa, Allah ya ba shi haƙuri, ko bango ya nufa sai ya kuskure. Maganar Inna wuƙaƙen suke ji. Kowace safiya takan wasa su a kan dutse a bayan motar kayanmu, tana yi musu hira. In ɗaya ta nufo idonta, gira kawai za ta ɗaga, wuƙar ta karkace a iska ta kafe gefen kunnenta kamar yaron da aka harara.

Da gwiwoyinta suka ƙi tsayuwa, mai tanti ya ce ni zan maye gurbinta. Ni kuwa wuƙaƙen nan ba su san ni ba.

"Malam, ba za ka jefi 'yata ba," Inna ta ce wa Baba. "Ni nake kau da su."

Baba ya yi dariya. "Haba, yaushe wuƙa ta yi kunne?"

Ba ta ja da shi ba. Ta sa wa matashin kai rigata, ta rataye shi a allon, ta juya baya. Baba ya gyara tsayuwa ya jefa shida. Duk shidan a ƙirjin rigar suka sauka. Ya daɗe yana kallon audugar da ke zubowa, sannan ya tsuguna ya ce, "To yanzu yaya za a yi?"

Da rana aka buɗe tanti. Inna tana zaune a kujera da wuƙaƙe a cinya, Baba yana jikin allo, ido a rufe, gumi har gemu. Ta jefa su ɗaya bayan ɗaya, suka zagaye shi tsaf, ko gashinsa ba su taɓa ba. Na zauna daɓas a ƙasa ina hamdala.

Tantin ya ɗauki tafi. Inna ta waiwaya bayanta, tana neman wanda ake tafa wa.