Goshin Kaka a Jikin Kwalbar Zuma

Ripeka 'yar Eruera masassaƙi ce, mutumin garin Ruatoria. Tun tana ƙarama take tsayawa a bakin rumfarsa, ba ta shiga, don a gidansu mace ba ta taɓa gizago, kuma ba a kai abinci kusa da sassaƙa. Wanta Paora aka koya wa, shi kuwa ya watsar, ya tafi haƙar ma'adini a Ostireliya. Ita da ido ta koya. Ta girma ta zama mai zanen tambarin kamfanoni a birnin Auckland.

Da masu sayar da zuma suka nemi tambari, sai ta ɗauko murɗaɗɗen zanen goshin kakansu na farko, wanda ubanta ya sassaƙa siffarsa a ginshiƙin ɗakin taron dangi. Ta ce wa kanta martabar gida take ɗagawa. Ƙarya ne. So take tsohon ya dubi aikinta ya ce hannunsa ne. Ta kuma san a al'adarsu kan mutum abu ne mai tsarki, ba a haɗa shi da abin ci. Ta dai lissafa cewa kyan aikin zai sa a yafe.

Ranar wani taron dangi ta jera kwalaben zuma masu ɗauke da tambarin a teburin cin abinci. Gwaggo Merania ta ɗaga ɗaya, ta gyara tabarau.

"Iye! 'Yar birni an yi ilimi. Yau kan kakanmu za mu shafa a burodi?"

Ba wanda ya yi dariya. Eruera ya karɓi kwalbar, ya bi layin zanen da babban yatsa, a hankali, har tsakiyar murɗin.

"Ke kika zana?"

"Ni ce, Baba."

"Babu kuskure ko ɗaya. Paora bai taɓa iya wannan kwanar ba."

Maganar da ta yi rayuwarta tana jira ke nan, ga ta ta zo a gaban dangin da suka ture kwanukansu.

Ya tattara kwalaben a kwali, ya nufi bayan gida da shebur zai binne su. Ta biyo shi.

"Baba, kawo in riƙe maka."

"Koma ciki, 'yata. Kin yi naki."

Bai sake tayar da zancen ba har ya rasu. Ripeka tana nan Auckland, ana yabon aikinta. In aka nemi zanen gargajiya, sai ta ce ba ta iya ba.