Sun Yanke Maka Waƙa, Inuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris 2014, ina bakin aiki a Fatakwal, Ba'ana mai ganga ya kira ni ya ce an tare motarku a hanyar Dambuwa, ba ka tsira ba.

Inuwa, na so in rubuta wannan da sanyin rai, na kasa.

Ku uku ne kacal: kai da gurminka, Phoebe da muryarta, sai Ba'ana. Ba mai gida, ba mai ɗaukar nauyi. A ɗakinka na Lamisula kuka haɗa "Bakin Ngadda", lokacin da jin kiɗa a gida kan iya jawo wa mutum baƙin da bai gayyata ba. Shi ya sa waƙar take farawa kamar raɗa. Gurmi kaɗai, tsirkiya ɗaya, har mutum ya zaci wayarsa ta lalace. Can sai Phoebe ta shigo, ƙasa-ƙasa. Ganga kuwa sai an kusa cire rai.

Da zan bar gari kai ka tura min ita a waya, a Kasuwar Kwastam, ka ce, "Yaya, kar ka ƙara murya. Haka muke magana yanzu."

Ka kai ta gidan rediyo, suka ce ba a ji. Masu sauti a gidan biki suka ce ba ta rawuwa. Ban ga laifin tsoronsu ba, kowa da iyalinsa. Abin da ke ƙona min rai shi ne yau su ɗin ne ke yawo da hotonka, sun datse ƙarshen waƙar, wurin da ganga ta tashi, shi kaɗai suke sakawa. Sun jefar da shirun, alhali shirun shi ne Maiduguri. Waɗanda suka tare motarku sun katse maka kwana, waɗannan sun katse maka waƙa.

Duk mai son karrama Inuwa ya ji ta daga farko, ya jira.

Ba'ana ya ce min, "Ni fa ban taɓa sanin inda zan shigo ba, sai ya ɗaga min kai."

Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna makoma, Ya bi maka haƙƙinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Saude, da Phoebe, da Ba'ana da ya rasa mai ɗaga masa kai. Allah Ya ba mu haƙuri, don nawa ya yi ƙaranci.